Asalin Taya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ɗan Adam Ya Fara Gara Kaya

Yaro na kora gargarensa a lungu, mai kura na tura jarkokin ruwa, ɗan acaɓa na kutsawa cikin cunkoso, tirela ta taso daga Legas za ta Maraɗi. Abu guda ne ke ɗauke da su duka, kuma sabo ya sa ba ma tsayawa mu tambayi inda ya fito. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan asalinsa. A bakin makaniki, taya ita ce robar, wili kuma shi ne ƙarfen da ake ɗora ta a kai. A nan idan an ce taya ana nufin duk ƙafar da ke juyawa, ta itace ce ko ta ƙarfe. Shekarun da aka ce kafin Miladiyya kuwa ana nufin kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wa ya ƙirƙiro taya?

Babu sunan mutum ɗaya da za a kama a ce shi ne. Lokacin da aka fara haɗa amalanke, rubutu ma bai gama tsayuwa da ƙafafunsa ba, kuma waɗanda suka fara rubutun lissafin hatsi da tumaki ne ya dame su, ba tarihin masassaƙa ba. Abin da ya rage mana shi ne abin da ƙasa ta adana: zane a jikin tukunya, 'yan amalankun yumɓu, sawun da taya ta bari, da gutsattsarin itace da taɓo ya hana su ruɓewa. Idan aka duba waɗannan za a ga aikin hannaye da yawa ne, na masassaƙa da makiyaya da maƙeran tagulla, kowa ya ɗora a kan na wani.

To yaushe aka fara ganinta?

Wajajen shekara ta 3500 kafin Miladiyya, wato kimanin shekara 5,500 da suka wuce. Abin da ke ɗaure wa masana kai shi ne shaidun sun ɓullo kusan lokaci guda a wurare masu nisa da juna.

A birnin Uruk da ke kudancin Iraƙi ta yau, an sami allunan yumɓu masu ɗauke da alamun rubutun farko. Cikinsu akwai alamar wani abin jan kaya a ƙasa, sai kuma irin wannan alamar an ƙara mata 'yan da'irori a ƙarƙashi. A ƙasar Poland, a wani wuri da ake kira Bronocice kusa da birnin Krakow, an tono wata tukunya a shekarun 1970 wadda aka zana mata amalanke mai ƙafa huɗu da sandar ja, kuma gwaji ya kai shekarunta tsakanin 3500 da 3350 kafin Miladiyya. A Flintbek, arewacin Jamus, sawun taya ne kansa aka tarar, layi biyu a jere, a ƙarƙashin tudun wani kabari da aka gina a kai wajajen 3400. A Hangari da maƙwabtanta an sami kofunan yumɓu da aka yi su da siffar amalanke. Sai kuma arewacin tsaunukan Kokasas, inda kaburburan mutanen Maikop suka ba da tasu shaidar.

Amma ai a makaranta an ce mutanen Iraƙi ta dā ne suka fara. Ba haka ba ne?

Haka aka daɗe ana koyarwa, kuma akwai dalili. Ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da Furat ita ce ta fara manyan birane da rubutu, saboda haka aka ɗauka duk wani sabon abu daga can ya fito ya bazu. Da gwajin shekarun kayan tarihi ya inganta, sai aka ga shaidun Turai ba su gaza na Uruk tsufa ba, wasu ma kamar sun ɗan girme su.

Yau ra'ayi ya rabu. Wasu na nan a kan Iraƙi. Wasu sun karkata ga filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku, inda makiyayan da ake kira Yamnaya suka riƙa binne manyansu tare da ƙafafun amalanke tun daga wajajen 3300. Wasu kuma suna nuna tsaunukan Karfatiya a gabashin Turai. A shekarar 2024 masanin tarihi Richard Bulliet da wasu injiniyoyi biyu sun kawo hujjar cewa masu haƙar tagulla a waɗannan tsaunuka ne suka fi kowa buƙatar abin da zai fito musu da duwatsu masu nauyi ta cikin rami mai ƙunci, kuma a can aka fara, wajajen 3900. Hujja ce mai daɗin ji, amma hasashe ne, ba a tono tayar a cikin ramin ba.

A ganina, saurin yaɗuwar ya fi gardamar wa ya riga wa muhimmanci. Amalanke abu ne da masassaƙi zai gani sau ɗaya ya koma gida ya gwada. Shi ya sa cikin 'yan ƙarnoni kaɗan ya game daga Jamus har Iraƙi, har ya ɓatar da sawun inda ya taso.

Wace ce taya mafi tsufa da aka samu da jikinta?

Wadda aka fi ambata ita ce ta fadamar Lubiliyana a ƙasar Sulobeniya, da aka tono a shekarar 2002. Shekarunta sun haura 5,100. Faɗinta kimanin santimita 70 ne, kaurinta kimanin 5, kuma an same ta tare da sandarta ta tsakiya mai tsawon kimanin santimita 120. Laka da ruwan fadama ne suka hana iska ta taɓa ta, shi ya sa ta kawo yau.

Wanda ya san sassaƙa zai tsaya a kanta ya daɗe. An yi ta da katako biyu da aka haɗa, aka ratsa su da 'yan sanduna huɗu don su riƙe juna. Itacen tayar daban, na sandar daban. Ramin tsakiyarta kuma mai kusurwa huɗu ne, abin da ke nuna taya da sanda tare suke juyawa. Wanda ya yi wannan aiki ba ɗan koyo ba ne, ya gaji sana'ar ne daga wasu da suka riga shi.

Abu mai sauƙi haka, me ya sa ɗan Adam ya daɗe bai gano shi ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace, domin amsarta ke buɗe sauran.

Da farko, jinkirin gaskiya ne. Mutane sun yi allurar ƙashi da sarewa dubban shekaru masu yawa kafin taya. Sun yi noma, sun yi saƙa, sun gina tukwane, sun gina garuruwa. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Jihar Yobe, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma sun kai 8,000. Ke nan kakanninmu na yankin Tafkin Cadi suna sassaƙa jirgi mai kyau fiye da shekara 2,000 kafin a ga amalanke a ko'ina a duniya.

Kowa ya san abu mai kewaye yana gangarawa. Wanda ya taɓa ganin goruba ta faɗo ta mirgina, ko buzuzu na tura kashin shanu, ya san wannan. Wahalar tana wajen haɗa abin da ke juyawa da abin da ke tsaye a ɗauke da kaya. Dole a sami sanda ta ratsa cibiyar tayar. Ramin ya zama daidai tsakiya, in ba haka ba amalanke ya yi ta ɗingishi. Idan ramin ya matse, taya ba za ta juya ba. Idan ya yi sako-sako, za ta yi ta rawa har ta fashe. Sandar idan ta yi kauri gogayya ta yi yawa, shanu su gaji. Idan ta yi siriri kaya su karya ta. Kuma ba a iya gina wannan abu rabi-rabi, a yi amfani da rabin kafin a gano sauran. Sai duka sun haɗu lokaci guda yake aiki.

Irin wannan sassaƙa tana son kayan aiki masu kaifi da ke huda rami sumul, kuma ba banza ba ne aka ga amalanke ya zo a zamanin da kurfi da gizagon tagulla suka fara yawa. Tana son manyan itatuwa da za a tsaga katako mai faɗi. Tana son dabbar da aka hore wa ja. Tana son ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da kaya masu nauyi da ake buƙatar kai su wani wuri kullum. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, amalanke wahala ce kawai. A riƙe wannan, domin shi zai bayyana abin da ya faru a Amurka ta dā da kuma ƙasarmu.

Ba gungumen itace aka yanka kamar yankan albasa aka sami taya ba?

Haka masu zane ke nunawa, amma masassaƙi zai gaya maka ba ta yiwuwa. Itacen da aka yanka a kwance yana tsagewa daga tsakiya da zarar ya bushe, kuma ba zai ɗauki nauyi ba. Tayoyin farko daga katakon da aka tsaga a tsaye aka yi su. Idan ba a sami mai faɗin da ya isa ba, sai a jera uku a ɗaure su da sanduna a gicce, sannan a sassaƙe su su zama da'ira. Wannan taya mai katako uku ta yaɗu ƙwarai.

Akwai dai ra'ayin cewa jera gungume a ƙarƙashin kaya ana turawa shi ne matakin farko: a hankali aka riƙa rage kaurin tsakiyar gungumen, har ya zama sanda da ƙafa biyu a gefe. Tayar Lubiliyana mai juyawa tare da sandarta ta dace da wannan tunani. Matsalar irinta ita ce kwana, domin ƙafar waje tana buƙatar ta fi ta ciki gudu, su kuwa a haɗe suke. Shi ya sa ɗaya tsarin ya fi karɓuwa, inda sanda ke tsaye, kowace taya na juyawa da kanta.

Gaskiya ne maginan tukwane sun riga masu amalanke amfani da ita?

Akwai ƙamshin gaskiya. Tun wajajen 4200 zuwa 4000 kafin Miladiyya maginan Gabas ta Tsakiya suna ɗora yumɓu a kan wani faifai da ake juyawa a hankali da hannu. Faifai mai gudu, wanda ake ɗaga tukunya a kansa yana juyawa, daga baya ya zo.

Akwai ma abin da ya girme shi, kuma duk wanda ya taso ya ga kakarsa na kaɗi ya san shi: gululun da ke gindin mazari. Ƙaramar taya ce da sandarta, ba ragi. A 2024 masu bincike sun ba da rahoton tsakuwoyi sama da 100 masu huda a tsakiya, daga wani wuri kusa da Tafkin Tabariyya, masu shekara kimanin 12,000, waɗanda suke ganin na kaɗin zare ne. Idan haka ne, mata masu kaɗi sun riƙe sirrin juyawa a hannunsu dubban shekaru kafin kowa ya yi tunanin ɗora kaya a kai.

Rashin faifan kuma bai hana kowa gwaninta ba. Tukwanenmu na gargajiya da hannu ake gina su. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta riga ta shahara da ginin hannu irin na Gwari kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, inda ta koyi aiki da faifai.

Wace dabba ce ta fara jan amalanke? Doki?

Shanu ne, bibbiyu, da karkiya a wuya. Amalanken farko nauyi gare shi, tafiyarsa kuma ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba.

A Iraƙi an yi wata dabara. A kaburburan sarakunan Ur, waɗanda Leonard Woolley ya tono a shekarun 1920, an sami wani akwati da aka yi wa ado da duwatsu masu launi, mai shekaru tun wajajen 2600 zuwa 2500 kafin Miladiyya. A jikinsa akwai amalankun yaƙi masu ƙafa huɗu, dabbobi huɗu na jan kowane, suna bi ta kan abokan gaba. Dabbobin ba dawaki ba ne. Rubuce-rubucen zamanin suna ambaton wata dabba mai tsada da ake kira kunga, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2022 ya nuna 'yar jaka ce da jakin dawa na ƙasar Sham, wato wani irin alfadari tun kafin alfadarin da muka sani.

Yaushe aka daina tayar katako zalla aka koma mai tsinkaye?

Wajajen 2000 kafin Miladiyya. Shaida mafi tsufa ta fito daga kaburburan Sintashta, kudu da tsaunukan Ural, kan iyakar Rasha da Kazakistan ta yau. Itacen ya ruɓe, amma ƙasar kabarin ta riƙe hoton ƙafafun da tsinkayensu, ga kuma ƙasusuwan dawaki a gefe.

Wannan canji babba ne. An cire yawancin katakon, aka bar cibiya da baki da 'yan sandunan da ke haɗa su. Taya ta yi sauƙi har doki na iya sukuwa da ita. Daga nan karusar yaƙi ta fito: ƙafa biyu, dawaki biyu, mai tuƙi da mai baka. Ta shiga Masar a zamanin da baƙin sarakunan da ake kira Hiksos ke mulkin arewacin ƙasar, wajajen 1650 zuwa 1550, kuma Misirawa suka gyara ta har karusarsu ba ta kai buhun siminti nauyi ba. A kabarin Fir'auna Tutankamun, da Howard Carter ya buɗe a 1922, an tarar da karusai shida. A yaƙin Kadesh, wajajen 1274, Ramsis na Biyu da sarkin Hittiyawa sun gwabza da dubban karusai. Zuwa wajajen 1200 ta isa ƙasar Sin, inda ake samunta a kaburburan daular Shang a Anyang, da tsinkaye masu yawa fiye da na Masar.

Da taya aka gina dalar Masar?

A'a. An gama babbar dalar Giza wajajen 2560 kafin Miladiyya, kusan shekara 1,000 kafin karusa ta shigo ƙasar. Duwatsun da suka zo daga nesa ta Kogin Nilu aka kawo su a jirgi, a tudu kuma a kan katakon ja aka ɗora su, mutane na ja da igiya. Wani zane a kabarin hakimi Jehutihotef ya nuna mutum 172 na jan wani ƙaton gunki, wani kuma na tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun gwada a 2014, suka ga yashi mai ɗan danshi yana rage ƙarfin da ake buƙata da kusan rabi. Taya ta itace a ƙarƙashin dutse mai tan da yawa, a cikin rairayi, nutsewa za ta yi ko ta karye.

An ce mutanen nahiyar Amurka ba su san taya ba sai da Turawa suka je. Haka ne?

Sun san ta. A Meziko, musamman yankin Berakurus, an tono 'yan gumakan yumɓu na karnuka da wasu dabbobi a kan ƙafafu huɗu masu juyawa, da sandunansu, tun ƙarnoni kafin zuwan Sifaniyawa. Abin da ba su da shi shi ne dabbar ja: babu doki, babu sa, babu jaki. Lama, wata dabba 'yar'uwar raƙumi da ke tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, tana ɗaukar ɗan kaya a baya amma ba ta ja. Daular Inka ta shimfiɗa hanyoyi na fiye da kilomita 30,000, sai dai hanyoyi ne masu matakala da gadojin igiya a kan kwazazzabai, inda ƙafar mutum ta fi kowace taya.

Mu fa? Me ya sa fatakenmu ba su yi amfani da amalanke ba?

Wannan tambaya takan zo da wani ɗaci a ƙarƙashinta, domin an daɗe ana amfani da ita a raina Afirka. Ya kamata a amsa ta a tsanake.

Abu na farko, taya ta shigo Sahara tun da daɗewa. A duwatsun Tasili a Aljeriya, da Fezzan a Libiya, da tsaunukan Abzin a Nijar, akwai ɗaruruwan zane-zane na karusai masu ƙafa biyu, da yawa dawaki na jan su. A Iwelen, arewacin Abzin, an danganta irin waɗannan zane da ƙarnonin da suka gabaci Miladiyya. Marubucin Girka Herodotus, a ƙarni na biyar kafin Miladiyya, ya ambaci mutanen Garama na Fezzan da karusansu masu dawaki huɗu. Ke nan a bakin ƙofar ƙasar Hausa an san ta, sannan aka bar ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kore ta shi ne raƙumi, kuma ba a Sahara kaɗai ba. Bulliet ɗin da aka ambata a sama ya nuna tun 1975 cewa daga Maroko har Farisa, ƙasashen da suka yi dubban shekaru da amalanke, mutane sun yar da shi tsakanin ƙarni na uku da na bakwai na Miladiyya, bayan an sami sirdin raƙumi mai kyau. Dokar farashi da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya kafa a shekarar 301 ta nuna dakon kaya a raƙumi ya fi na amalanke araha da kimanin kashi 20 cikin 100. Raƙumi ba ya son a gyara masa hanya, ba ya karya sanda a tsakiyar daji, ba ya buƙatar katako a ƙasar da itace ke da tsada, yana cin ƙaya ya kwana ba ruwa, kuma mutum ɗaya na iya jan da yawa a jere. Bagadaza da Alƙahira da Fas ta Maroko, a zamanin da suke kan gaba a ilimin lissafi da likitanci, da raƙumi da jaki da alfadari suke dako. Babu mai cewa jahilci ne ya sa su.

Madugun da zai fita daga Kano zuwa Gwanja sayen goro irin wannan lissafi yake yi. Hanyar watanni ce. Akwai koguna da ba gada, akwai rairayi, akwai laka da damina. Yana kusantar kurmi kuma ga ƙudan tsando mai sa wa shanu da dawaki sammore. Jaki da mangalarsa, takarkari, da 'yan alaro masu ɗauka a ka, su ne ke ratsa wannan duka. Idan jaki ɗaya ya faɗi, a raba kayansa ga sauran a wuce. Amalanke kuwa idan ya maƙale, ayari duka ya tsaya. Ayarin gishiri da ke zuwa Bilma daga Agadas har gobe raƙumi ne gwaninsa. Ko lungunan tsohon birnin Kano da na Zazzau da na Damagaram, daidai jaki da kayansa aka yi su, kamar dai na Fas.

A kudu ma an san ta. Sarakunan Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau, sun mallaki kekunan doki da Turawa suka kawo musu, suna fito da su a bukukuwa, mutane na ja. Ba ta zama abin fatauci ba saboda ba hanya, ba dabbar da za ta rayu. Da hanyar ta samu, ba a ɓata lokaci ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci da kekuna suka biyo, kuma amalanken shanu da na jaki da ya cika karkararmu a yau, wanda galibi da tsohuwar ƙafar mota ake haɗa shi, ɗan ƙarni na ashirin ne.

Ban da tafiya, me kuma aka yi da ita tun da?

Ɗebo ruwa da niƙa. A Masar da Sudan akwai saƙiya, babbar taya mai haƙora da sa ke zagayawa da ita, tana ɗago tuluna cike da ruwan Nilu, kuma tana aiki tun ƙarnonin ƙarshe kafin Miladiyya. A birnin Hama na Siriya har yanzu akwai manyan tayoyin itace da kogi ke juyawa da kansa. Injiniya Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya bayyana injinan ɗaga ruwa da agogo masu aiki da tayoyi masu haƙora. Ke nan ƙasashen da suka bar amalanke ba su bar taya ba.

Baro kuwa, mai ƙafa ɗaya, a ƙasar Sin aka fara ganin hotonsa a kaburburan ƙarni na biyu na Miladiyya. Bai bayyana a Turai ba sai wajajen shekarar 1200.

Yaushe roba da iska suka shigo?

Jiya-jiya, idan aka kwatanta. Dubban shekaru bakin taya itace ne, wani lokaci a naɗa masa fata ko a buga masa ƙusoshi, daga baya maƙera suka koyi zagaye shi da ƙarfe: a gasa shi ya buɗe, a sa, a zuba ruwa ya matse. Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a 1844, abin da ya hana ta narkewa da zafi. Robert William Thomson, ɗan Sikotlan, ya yi rajistar taya mai iska a 1845, amma ba ta karɓu ba, domin abin hawan da zai ci moriyarta bai zo ba tukuna. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar tasa bayan ya gwada ta a keken ɗansa, daidai lokacin da keke ya fara cika gari. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da wadda ake cirewa a yi mata faci a 1891, suka kuma ɗora ta a mota a 1895.

Labarin Thomson ya maimaita kansa a akwatin tafiya. Akwati da taya duk tsofaffi ne, amma sai a 1970 wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya haɗa su don sayarwa, lokacin da filayen jirgin sama masu daɓe sumul da doguwar tafiya a ciki suka yawaita. Mai ƙafa biyu da hannun ja, wanda alhazanmu ke dawowa da shi, wani matuƙin jirgi mai suna Robert Plath ne ya fito da shi a 1987.

A ina mutum zai ga waɗannan abubuwa da idonsa?

Tayar Lubiliyana tana gidan tarihin birnin Lubiliyana, tukunyar Bronocice tana Krakow, akwatin Ur kuma yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. An kwashe karusan Tutankamun zuwa sabon babban gidan tarihin Masar da ke kusa da dalar Giza. Kwalekwalen Dufuna yana Damaturu. Karusan Abzin kuwa suna nan a jikin duwatsun da aka sassaƙa su, arewa da Agadas.